Faifan Shugaba da Lemon Iya

Shugaban makarantar nan mahassadi ne, kuma hassadarsa ce ta kusa kashe lemon Iya. Na faɗa kai tsaye, domin na gaji da jin mutane suna cewa wai kuskure ya yi, wai niyyarsa mai kyau ce. Ba haka ba ne. Mutum ne da ba ya iya ganin yara suna son wani ba shi ba, sai ya ɗinka wa wannan ciwo nasa riga, ya sa masa suna adalci.

Makarantar ta Iya ce. Ita ta buɗe ta tun tana da ƙarfin hawa bene, da aji ɗaya da allo ɗaya, kuma a shekarar ne ta dasa lemon zaƙi a tsakar fili. Yanzu ciwon gwiwa ya zaunar da ita a gida, ba ta leƙowa sai jefi-jefi. Lemon ya girma tare da makarantar, babu yaron da ya gama karatu a nan bai sha shi ba, ko da izini ko ba izini. Daga baya gara ta cinye gindinsa, iska ta ƙarasa shi. Amma kafin ya faɗi, malamin noma, wanda kowa ke kira Baba Lambu, ya yanko idanu daga rassansa, ya yi musu aure da 'yan lemon tsami da ya shuka a gwangwanayen madara.

Ga wanda bai san auren itace ba: ana tsaga ɓawon ƙaramin lemon tsami, a cusa idon lemon zaƙi a ciki, a naɗe da leda. In ya kama, sai ɗan tsiro ya fito daga wurin naɗin, siriri, kamar ba zai rayu ba. Wannan siririn shi ne lemon zaƙin. Duk wani reshe mai ƙarfi da ƙaya da ya fito daga ƙasansa na tsami ne, cire shi ake yi. Saboda haka abin da ya rage na lemon Iya a duniya shi ne waɗannan 'yan tsiron da ke cikin gwangwani. Baba Lambu kuma shekararsa ta ƙarshe ke nan a bakin aiki. Burinsa guda ne: ya dasa su a jikin katanga in damina ta sauka, ya ɗauki kekensa ya tafi gida.

A da, in an kaɗa ƙararrawar tashi, makarantar ba ta mutuwa. Babu wanda aka tilasta wa tsayawa, amma malamai na tsayawa. Malamin motsa jiki, da ake kira Usur saboda abin da ke rataye a wuyansa ko a wurin ɗaurin aure, yana fili da 'yan ƙwallo. Anti Dirama tana babban ɗakin taro da 'yan wasan kwaikwayo. Malamin lissafi na riƙe da muhawara, akwai mai zane, akwai mai ɗinki. Baba Lambu na bayan azuzuwa da yaransa da gwangwanayensa. Kowa ya zaɓi abin da yake so, yara kuma suka zaɓi wanda suke so.

Sai aka kawo sabon shugaba. Ba a jima ba ya sami suna, Sabon Tsari, domin bakinsa ba ya buɗewa sai da waɗannan kalmomi biyu. Wata safiya ya fito daga motarsa, ya hango yara sun kwaso a guje sun nufo shi. Ya gyara wuyan riga, ya miƙa jakarsa don a karɓa. Yaran suka rabe biyu suka wuce shi kamar ruwa ya sami dutse, suka je suna kokawar wanda zai tura keken Baba Lambu, wanda ya shigo a bayansa. Hannunsa ya daɗe a miƙe da jakar. Malamai na kallo ta taga, Usur har ya ciji usur ɗinsa don kada dariya ta fito.

Ba a yi nisa ba aka kira taron malamai. Suka tarar da wani abu lulluɓe da ƙyalle a jikin bango. Sabon Tsari ya yaye ƙyallen da kansa. Faifan katako ne biyu, babba da ƙarami, an haɗa su da ƙusa a tsakiya. A bakin babban an rubuta ƙungiyoyi, a bakin ƙaramin an rubuta malamai.

“Sabon tsari,” in ji shi. “Daga yau tsayawa bayan tashi aiki ne, ba ganin dama ba. Kuma babu malamin da ya mallaki ƙungiya. Kowane farkon mako zan juya wannan faifai taki ɗaya. Inda ya ajiye ka, nan za ka yi makonka. Ba musaya, ba uzuri. Wanda na gani a ƙungiyar da ba tasa ba, takardar gargaɗi.”

Usur ya ɗaga hannu. “Yallaɓai, ni ko maɓallin rigata ya cire, matata nake kai wa. In faifai ya kai ni ɗinki, wa zai koya wa wa?”

“Za ka koya. Malami na gari ya iya komai.”

“To Allah ya sa yaran su yi haƙuri da ni.”

Baba Lambu ya yi gyaran murya. “Ranka ya daɗe, su ƙwallo da muhawara suna iya jira. Abin da ke cikin gwangwanin nan rai gare shi. Ba ya gane mako.”

“Baba, ruwa ne dai ake zuba wa shuka. Akwai wanda bai iya zuba ruwa ba a ɗakin nan?”

Anti Dirama ta matsa kusa da faifan tana karantawa. Ita mace ce mai zaƙin baki, wadda in ta yabe ka sai ka duba aljihunka. “Yallaɓai, na ga baƙuwar ƙungiya. Tsafta. Wannan kuma ta ina?”

Ya yi murmushi. Ƙungiyar tsafta ƙirƙirarsa ce. Aikinta yashe kwatar da ke bayan bayan gida, wadda ko leburori ba sa shiga sai sun ɗaure hanci. Ya saka ta ne don kowane malami ya ɗanɗana, musamman masu farin jini.

“Kuma don ku san ba na ɗora wa wani abin da ba zan yi ba,” in ji shi, “ga sunana nan a faifai. Kowa zai fara daga ƙungiyarsa ta da. Ni da ba ni da ƙungiya, zan fara daga tsafta.”

Malamai suka tafa, wasu da gaske. Abin da bai faɗa ba shi ne, a wannan makon na farko an gayyace shi taron shugabannin makarantu, kuma ya san da gayyatar kafin ya je wurin kafinta. Ya dawo an riga an juya faifai, kwata ba ta ga ƙeyarsa ba. Irin wannan wayo shi nake kira sata, ko da ba a ɗauki komai ba.

Daga mako na biyu makaranta ta zama gidan kallo. Usur na ɗakin ɗinki, yana hura usur duk lokacin da zare ya fita daga allura. Malamin lissafi, mutum mai ƙaton ciki, aka kai shi fili. Ya zaunar da 'yan ƙwallo a inuwa yana zana musu yadda ƙwallo ke lanƙwasa a iska, har rana ta faɗi ba a buga ba. Malamar ɗinki ta je muhawara, ta hana gardama, ta ce ita ba ta son hayaniya, kowa ya yarda da ɗan'uwansa. Yara suka fara zamewa gida da zarar an tashi. Sabon Tsari bai damu ba. Shi dai ya ga babu mai tura keken kowa, hankalinsa ya kwanta.

Faifai ya ajiye Baba Lambu a filin ƙwallo bayan malamin lissafi. Ya tsaya da usur ɗin aro a hannu, idonsa na can bayan azuzuwa, inda wata malama ke tuttula wa 'yan lemonsa ruwa kamar tana wanke tsakar gida. Anti Dirama ta biyo ta wajen, ta dubi fuskarsa.

“Baba, me doka ta ce?”

“Ta ce kada in je lambu.”

“Ta ce kada lambu ya zo wurinka?”

Baba Lambu ya dube ta. Shi mutum ne da bai taɓa yi wa doka kwana ba tun da ya fara aiki. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, “Ke 'yar nan, Allah ya shirye ki.” Amma bai ce a'a ba.

Washegari Sabon Tsari ya fito zagaye, ya tarar da gwangwanaye jere a kan layin fili, tun daga wannan kusurwa har waccan, kowanne da ɗan itacensa. Baba Lambu na tsugune a gaban ɗaya da 'yar wuƙarsa.

“Baba, mene ne wannan?”

“Iyakar fili ce, ranka ya daɗe. Farar ƙasar ta goge, yara na ta gardamar ƙwallo ta fita ko ba ta fita ba.”

“To me kake yi da wuƙa?”

“Ina gyara iyaka.”

Sabon Tsari ya tsaya yana neman inda aka karya doka bai samu ba, ya wuce yana ƙunƙuni. Wannan makon aka buga ƙwallo mafi ladabi da aka taɓa gani. Babu yaron da ya yarda ya buga da ƙarfi, kowa na lallaɓa ta kamar ƙwai, kada ta taɓa iyaka.

Haka lemon ya riƙa bin faifai. Da Baba ya je muhawara, gwangwanayen suka hau benci suka zama 'yan kallo, wai don yara su saba magana a gaban jama'a. Da ya je zane, suka zama abin da ake zanawa. Makon nan duk yaron makarantar ya iya zana ganye. Da ya je ɗakin wasan kwaikwayo, Anti Dirama ta bar masa labarin wani mafarauci da ya ɓata a daji, kuma daji ba ya yiwuwa sai da itatuwa. Kullum da yamma za ka ga layin yara, kowa rungume da gwangwani, suna tafiya a hankali kamar masu kai amarya. 'Yan tsiron suka yi kore shar, suka fara fitar da sabon ganye.

Abin da ya tona asiri shi ne abin da ya jawo rigimar tun farko. Sabon Tsari ya leƙo ta tagar ofis ya ga yara sun fi na da yawa a bayan Baba Lambu. Har waɗanda ba 'yan lambu ba sun shiga, domin ɗaukar gwangwani ya zama abin alfahari. Ya kira taro.

“Kun mayar da ni mahaukaci ko?”

“Haba Yallaɓai,” in ji Usur, “mu wa?”

“Sabon tsari. Duk kayan ƙungiya ya zauna a ƙungiyarsa. A mayar da gwangwanayen nan lambu yanzu.”

Aka mayar. Ya sayo kwaɗo ya rufe ƙofar lambun, ya ce makulli na hannun wanda faifai ya ba lambu, shi kuma zai riƙa kallo daga ofis. Sai dai ba duka aka mayar ba. Anti Dirama ta riƙe 'yan kaɗan a bayan labulen dandamali, kusa da taga. Da mai gadi ya tambaye ta, ta ce waɗannan ba kayan lambu ba ne, 'yan wasa ne, kuma ba su gama fitowa ba.

Daga nan Baba Lambu ya koma ba da umarni a ɗakin malamai, cikin raɗa, kamar mai sayar da abin da aka hana. Kada ruwa ya yi yawa. A janye su daga rana in ta take. Malamai na yin iya ƙoƙarinsu, amma babu wanda ya yarda ya sa wuƙa, kowa na tsoron ya yanke abin da ba shi ba. Saboda haka rassan tsami suka samu sake, suka fito daga ƙasa da ƙarfinsu da ƙayarsu, suka fi 'yan tsiron tsawo. Baba ya ce ba komai, in faifai ya dawo da shi gida zai cire su. Da faifai ya kai shi kwata a makon ƙarshe, da tsufansa ya ɗauki manjagara ya shiga.

Amma kafin faifai ya dawo da kowa gida, sai da ya ajiye Sabon Tsari a lambu. Sauran ƙungiyoyin duk da uzuri ya tsallake su, yau taro, gobe baƙi. Lambu kuwa ya ce da kansa zai je, don ya nuna wa tsohon nan cewa babu wani sirri a cikin gwangwani.

Ya shiga da takalminsa mai ƙyalli da almakashin ofis. Ya duba gwangwani na farko. Ga reshe kakkaura mai ƙaya, ga wani ɗan siriri a gefe da tsohuwar leda a gindinsa kamar mai rauni.

“Kun ga irin aikin da ake yi muku?” ya ce da yara. “An bar mara lafiya yana shan abincin mai lafiya. A makarantata rarrauna ba ya danne ƙaƙƙarfa.”

“Yallaɓai, wannan shi ne lemon!” yaran suka ce baki ɗaya.

“Duka lemo ne. Ku yi min shiru.”

“Yallaɓai, Baba ya ce…”

“Baba ne shugaba ko ni?”

Ya sa almakashi. Ya bi layi yana datsewa, ƙyas, ƙyas, yana jefar da 'yan tsiron a ƙasa, yana bayani a kan muhimmancin yanke shawara. Yara na kuka yana cewa za su gode masa wata rana. Bai bar ko ɗaya ba. Ba jahilci ne laifinsa ba, kowa da abin da bai sani ba. Laifinsa shi ne an gaya masa, da baki fiye da ɗaya, ya ƙi ji saboda sunan wanda aka ambata.

Baba Lambu na can bakin kwata da manjagara yaran suka same shi, kowa da ɗan tsiro a tafin hannu. Ya karɓi ɗaya ya juya shi. Bai yi faɗa ba. Ya jingine manjagarar, ya zauna a kan bulo, ya ce da su su je gida iyayensu na jira.

Washegari a ɗakin malamai Usur ya ce shi zai je ya fasa faifan nan da ƙafa, in ya so a kore shi.

“In ka fasa, kafinta na nan,” in ji Anti Dirama. “Zauna. Baba, 'yan wasana suna bayan labule, lafiyarsu ƙalau. Za su isa?”

Baba ya ɗago kai. “In sun rayu sun yi rassa, za a iya ɗibar ido daga jikinsu a sake yi wa sauran aure. Amma in faifan nan ya ci gaba da juyawa, wata rana zai kai Shugaba ɗakinki.”

“To faifai zai tsaya.” Ta tashi ta je gabansa, ta sa yatsa. “Ku duba nan. Juyi na gaba ina zai kai ni?”

“Wasan kwaikwayo,” in ji Usur. Ya matso. “Ni ƙwallo. Baba lambu. Kai! Kowa gida.” Ya bi da yatsa har kan sunan Shugaba, ya tsaya. Sai ya toshe baki.

“Zai ƙirƙiro taro,” in ji malamin lissafi. “Ko ya juya taki biyu.”

“Ba shi zai juya ba,” in ji Anti Dirama.

Ita da Usur suka shiga ofis da fuskar ladabi. Anti Dirama ta ce gaskiya da farko ba su fahimci tsarin ba, amma yanzu idonsu ya buɗe. Ta ce abin takaici ne ƙirƙira irin wannan ta tsaya a bangon ɗakin malamai, mai makaranta ba ta taɓa gani ba.

“Yallaɓai,” in ji Usur, “ni fa yanzu har maɓalli nake sa wa matata. Wa ya jawo? Kai ne.”

“Da Iya za ta zo ta juya shi da hannunta a gaban yara,” in ji Anti Dirama, “a ɗauki hoto, kana tsaye a gefenta. Har waƙa yarana suka haɗa wa faifan. Amma dai kai ka san abin da ya dace.”

Mutumin da ya daɗe yana yunwar yabo ba ya tsayawa shinshina abin da aka zuba masa. A ranar ya aika wa Iya saƙon gayyata. Kwanakin da suka rage ya ƙare su wurin zaɓen riga da gyara jawabi. Faifan da ya ƙirƙira, wanda ke rataye a gabansa kullum, bai tsaya ya duba inda zai faɗa ba.

Iya ta zo da sandarta, aka zaunar da ita a kujera mai hannu. Aka fito da faifai tsakar fili, daidai inda kututturen tsohon lemon yake. Yara suka rera waƙar faifai mai adalci, wanda ba ya son kai, inda ya ajiye ka nan za ka zauna. Sun maimaita wannan baitin har ya fi ƙima, Anti Dirama na kaɗa musu hannu. Sabon Tsari ya yi jawabi mai tsawo, ya rufe da dokarsa: ba musaya, ba uzuri, ko shi kansa bai fi ƙarfin faifai ba.

“Ko kai?” in ji Iya.

“Ko ni, Iya.”

“Madalla, ɗana.” Ta miƙa sanda ta tura faifan taki ɗaya.

Yara suka yi sowa, kowa ya ruga wurin malaminsa. Sabon Tsari ya juya don ya karanta wa Iya sakamako, idonsa ya faɗa kan sunansa. Murmushin ya tsaya a fuskarsa kamar an manta da shi a can.

“Iya, bari in zagaya da ke ki ga ƙungiyoyi,” ya ce da sauri.

Suka zagaya a hankali, saboda gwiwa. A fili ƙwallo na tashi sama, Usur na gudu yana hura abinsa. A ɗakin muhawara gardama ta kaure har ana buga tebur. Ɗakin ɗinki tsit, sai ƙarar keken ɗinki. Ko'ina cike da yara.

“Kin ga amfanin tsarin, Iya,” in ji shi.

“Na gani. Yau kowa na inda ya iya.”

Ya so ya kauce wa bayan azuzuwa, ya ce hanyar ba ta da kyau. Iya ta ce ita ta fitar da hanyar. Suka tarar da Baba Lambu a tsugune cikin gwangwanaye, kowanne da reshen ƙaya a tsaye da ɗan dungu a gefe.

“Malam, me ka shuka mana haka?”

Baba ya miƙe ya gaishe ta. “Lemonki ne, Iya. Na tsakar fili. Na ɗebi idonsa kafin ya faɗi, na so in dasa miki a jikin katanga kafin in tafi.”

Iya ta matso kusa. Ba ta san an ceci komai daga itacen ba. Ta sunkuya da ƙyar, ta taɓa dungun da yatsa. Ita ta san auren itace, ba ta buƙaci bayani ba.

“Wa ya yanke?”

Malamai suka dubi ƙasa. Yara kuwa ba su iya wannan ladabin ba; hannuwa suka tashi gaba ɗaya suka nuna wuri guda.

“Iya, gyara na yi,” in ji Sabon Tsari. “Na cire raunana ne don…”

“An gaya maka?”

“Yara ne, Iya, ba su…”

“Na ce an gaya maka?”

“Sun yi magana.”

A daidai nan Anti Dirama ta ɓullo da 'yan wasanta, kowane yaro rungume da gwangwani, 'yan tsiron na rawa a kai, kore shar. Suka jera su a gaban Iya. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ciri ɗan ganye ta murza ta kai hanci. Ta daɗe ba ta sauke hannun ba.

“A ina waɗannan suka tsira?”

“Suna cikin wasa ne, Iya,” in ji Anti Dirama. “Su ne daji.”

Iya ta dube ta ta gefen ido. “Ke dai ba za ki shiryu ba.” Sannan ta ce a kawo mata guduma da ƙusa babba.

Aka koma tsakar fili. Ta ba Usur gudumar, ta nuna masa wurin da sandarta. Ya kafa ƙusar ta ratsa faifan biyu, ya yi ta bugu har bayan ta gama shiga, sai da aka riƙe masa hannu.

“Faifan nan na da kyau,” in ji Iya. “Ba zan jefar da shi ba. Inda ya ajiye kowa yau, nan zai zauna. Malamin da ya ga dama ya tsaya bayan tashi, wanda bai ga dama ba ya tafi gida, kamar da. Yara su je inda suke so. Malam, makullin lambu naka ne, ko bayan ka ajiye aiki.”

Sabon Tsari ya matso, ya rage murya. “Iya, ni fa? Kin san ofis da taruka…”

“Ina sunanka yake?”

Malamin lissafi ya gyara tabarau ya karanta da ƙarfi, don taimako.

“To,” in ji Iya. “Kai kaɗai ne ba ganin dama ba. Ba musaya, ba uzuri. Da bakinka ka faɗa, yara ma sun rera.”

“Har yaushe, Iya?”

“Har in sha lemon waɗanda ka yanke.”

Usur ya juya wurin Baba Lambu, ya yi tambaya da muryar da kowa zai ji. “Baba, ɗan aure yana daɗewa kafin ya yi 'ya'ya?”

“Sai an jira waɗannan sun yi rassa tukuna,” in ji Baba. “Sannan a sake aure. Sannan a dasa. In ƙasa ta karɓa, 'yan shekaru ne kawai.”

Da damina ta sauka aka dasa waɗanda suka tsira a jikin katanga, kuma duk sun kama. Baba Lambu ya ajiye aiki, amma kekensa na shigowa da yamma, yara na kokawar turawa.

Shi kuwa ba a kore shi ba, ba a rage masa matsayi ba. Da safe shugaba ne, yana zaune a ofis. In an kaɗa ƙararrawar tashi sai ya cire takalmi mai ƙyalli ya sa na roba, ya ɗauki manjagara ya nufi bayan bayan gida. Ƙungiyar tsafta ba ta sami yaro ko ɗaya ba. Shi kaɗai yake yashe kwatar, kuma lemon bai ko fara fure ba.